Kunnen Gari: Abin da Ya Ɓace Tare da Tashoshin Kiɗan Rok na Zangon AM

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ƙasar Amurka akwai wani rukuni na dattawa, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu tsakanin 1955 da 1975, da barar da suke tunawa ba ta wuce wani ɗan akwatin rediyo mai batir ba. Idan hira ta yi daɗi a tsakaninsu, sai ka ji suna jero sunayen tashoshi kamar masu jero sunayen kakanni: WABC ta Niyok, WLS ta Shikago, KHJ ta Los Anjeles, da CKLW ta garin Windsor na Kanada, wadda ke kallon birnin Detroit daga tsallaken kogi. Kowa da tashar garinsu, kowa da lambar da yake murɗa allura ya tsaya a kanta. Dukkansu a zangon AM suke, wanda muka fi sani da matsakaicin zango, kuma dukkansu kiɗan rok suka sa gaba.

Abu ne mai sauƙi a ce wannan begen ƙuruciya ne kawai, irin na tsohon da ke ganin tuwon da ya ci yana yaro ya fi na yau gardi. Ni ina ganin maganar ta wuce nan. Sautin tashoshin bai kai na yau kyau ba, kuma waƙoƙin da suka saka duk suna nan a intanet ga mai so. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗan gari, zaune a wani ɗaki cikin garin, mai ikon ya saurari faifan da ba wanda ya sani, ya ce wannan ya cancanci a ji shi, gari kuma ya saurara tare da shi a lokaci ɗaya. Wannan shi nake kira kunnen gari. Ra'ayina shi ne rashinsa asara ce ta gaske, kuma dokar mallakar tashoshi ta fi sabuwar fasaha hannu a cikin asarar.

Bari mu fara da zangon kansa, domin halinsa ya shiga cikin labarin. A wancan zamani AM a Amurka ya kama daga kilohaz 540 zuwa 1600. Da rana saƙonsa yakan bi doron ƙasa ne, ya ƙare bayan ɗan nisa, domin wani ɓangare na sararin sama da hasken rana ke cajawa yana shanye duk abin da ya yi sama. Rana na faɗuwa sai wannan ɓangare ya dusashe, saƙon ya wuce shi ya bugi wani ɓangaren da ke samansa, ya dawo ƙasa a nisan ɗaruruwan kilomita. Saboda haka ne hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta tilasta wa ƙananan tashoshi da yawa su rage ƙarfi ko su rufe da faɗuwar rana, ta bar wa wasu manya, masu ƙarfin wat 50,000, fili su yi ta tafiya. Ashe rediyo ɗaya fuska biyu gare shi: da rana na gari ne, da dare kuma taga ce ta leƙen duniya. Duk wanda ya taɓa lalubar Rediyon Kaduna da dare daga Damagaram ko Garwa, murya tana zuwa tana komawa kamar iska na wasa da ita, ya san abin da ake nufi.

Kiɗan rok bai shiga wannan zango don an gayyace shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1950 gidajen Amurka masu talabijin ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Zuwa 1960 sun doshi kashi 90. Wasannin kwaikwayo da manyan taurari da masu talla duk suka kwashe kayansu suka koma talabijin, aka bar gidajen rediyo da sa'o'i masu yawa da ba abin da za a cika su da shi. Faifai shi ne abu mafi araha. Wani matashi, Todd Storz, wanda shi da mahaifinsa suka sayi tashar KOWH ta garin Omaha a 1949, ya lura cewa jama'a ba sa gajiya da maimaita waƙar da suke so, sai ya gina shirinsa kan ƴan waƙoƙin da suka fi kasuwa, a yi ta juya su safe da yamma. Gordon McLendon ya ɗauki salon a tashar KLIF ta Dallas ya ƙara masa armashi. Daga nan aka sami tsarin waƙoƙi arba'in na sama, wanda ya mamaye ƙasar. A ƙarshen 1954 kuma aka fitar da Regency TR-1, ƙaramin rediyo mai tiransisto da ke shiga aljihu, a kan dala 49.95. Da farashin irinsa ya faɗi a shekarun da suka biyo baya, rediyo ya bar falo, inda uba ke da ikon murɗa allura, ya koma ɗakin yara da ƙarƙashin matashin kai.

Amma kafin tsarin arba'in ya kafu, akwai waɗanda suka share fagen, kuma a nan ne darajar tashar gari ta fara bayyana. A Kudancin Amurka na wancan lokaci doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a motar haya, har a wurin shan ruwa. Iska kuwa ba a iya ja mata layi. Tashar WDIA ta Memfis ta mayar da dukkan shirye-shiryenta ga baƙaƙen fata a 1949, kuma a nan ne B.B. King ya yi aikin gabatar da shiri kafin duniya ta san shi. Tashar WLAC ta Nashville, mai wat 50,000, takan saka kiɗan baƙaƙen fata cikin dare, yaran Turawa a jihohi masu nisa suna saurare a ɓoye, suna aika kuɗi ta gidan waya su sayi faifan daga shagunan da ke ɗaukar nauyin shirin. Saƙon irin waɗannan tashoshi yakan tsallaka teku ya kai Jamaika, inda ya bar tasirinsa a kiɗan tsibirin. A Cleveland, Alan Freed ya fara shirinsa a WJW a 1951, kuma taron rawar da ya shirya ranar 21 ga Maris 1952 ya tara jama'ar da ta fi ƙarfin zauren nesa ba kusa ba, har hukuma ta tsayar da shi tun bai yi nisa ba.

A watan Yulin 1954 wani mai gabatarwa a tashar WHBQ ta Memfis, Dewey Phillips, ya karɓi faifan gwaji na wani direban babbar mota ɗan shekara 19 mai suna Elvis Presley. Ya saka, wayar tasha ta ɗauki ƙara, ya sake sakawa, ya yi ta maimaitawa, har aka nemo yaron a daren aka kawo shi gaban makirufo. Daga cikin tambayoyin da ya yi masa akwai sunan makarantar sakandaren da ya yi, domin a garin da aka raba makarantu, amsar ita ce za ta shaida wa masu saurare launin fatarsa. Mai karatu ya duba abin da ya faru a wannan dare. Babu kwamiti, babu binciken kasuwa, babu umarni daga hedikwata. Mutum ɗaya ne da kunnensa, da garin da ya amsa masa nan take.

Kada a ce wannan dace ne na dare ɗaya. A 1963 wasu samari daga Portland da ake kira Kingsmen suka naɗi waƙar "Louie Louie" cikin gaggawa da ƴan kuɗi kaɗan. Ba ta yi wani tasiri ba sai da Arnie Ginsburg na tashar WMEX ta Boston, a ɗaya gefen ƙasar, ya saka ta don ba'a a matsayin faifai mafi muni na mako. Mutanen Boston suka ƙi yarda da hukuncinsa, suka yi ta nema, daga nan ta bazu har ta kai matsayi na biyu a ƙasa baki ɗaya. Tommy James yana ɗan makaranta a ƙaramin garin Niles na jihar Michigan ya naɗi "Hanky Panky", ta ɗan zaga unguwa ta kwanta, har ƙungiyarsa ta watse. Bayan kusan shekara biyu masu rawa da tashoshin Pittsburgh suka tono ta, a 1966 ta zama ta ɗaya a Amurka. Ko ƴan Beatles, da girmansu, ta ƙofar tashar gari suka shiga: wata yarinya ƴar shekara 15 ce ta rubuta wa tashar WWDC ta Washinton wasiƙa, mai gabatarwa Carroll James ya sa aka kawo masa faifan daga Ingila ya saka a watan Disamba 1963, abin da ya tilasta wa kamfanin Capitol ya gaggauta fitar da shi kafin ranar da ya tsara. A CKLW kuwa wata mata ce, Rosalie Trombley, ke zaɓen faifai tun daga 1968, kuma manyan kamfanoni sun san cewa abin da kunnenta ya amince da shi a Detroit yana iya cin ƙasar gaba ɗaya.

Abin da waɗannan labarai suka haɗu a kai shi ne yawan ƙofofi. Dokar 1953 ta hana mutum ɗaya ko kamfani ɗaya mallakar fiye da tashoshin AM bakwai. Saboda haka dubban tashoshi suna hannun masu gida da yawa, kowace da mai zaɓen faifanta, kowace tana buga takardar jerin waƙoƙinta na mako bisa cinikin shagunan garin da kiran wayar masu saurare. Waƙar da Niyok ta ƙi, Pittsburgh na iya karɓa. Mawaƙin da ba shi da uwa a gindin murhu yana iya ɗaukar faifansa a hannu ya ƙwanƙwasa ƙofar tashar garinsu, ya sami mutum mai rai a ciki. Ba kullum ake buɗe masa ba, amma ƙofar tana nan, kuma idan wannan ta ƙi akwai wata a gari na gaba.

Akwai fa'ida ta biyu, wadda ƙunci ne ya haife ta. Tun da tashoshin kiɗa a gari ba su wuce biyu ko uku ba, dole kowace ta nemi kowa da kowa. A cikin sa'a ɗaya sai ka ji kiɗan Motown na baƙaƙen Detroit, ka ji samarin Ingila, ka ji mawaƙin karkara, ka ji Frank Sinatra. A watan Mayun 1964 Louis Armstrong, yana da shekara 62, shi ya sauke Beatles daga matsayi na ɗaya, kuma tashoshi ɗaya ne suka saka su duka biyun. Yaro yakan jure waƙar da ba ya so yana jiran wadda yake so, a cikin jiran kuma kunnensa ya saba da kiɗan maƙwabcin da ba a bari ya zauna aji ɗaya da shi. Ba na cewa rediyo ya kashe wariyar launin fata. Ina cewa ya koya wa miliyoyin yara son muryar da aka ce su raina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin waƙa da waƙa kuma ga labarin gobarar unguwa, ga sanarwar rufe makarantu saboda ƙanƙara, ga gaisuwar wane zuwa ga wance. Mu da muka san zaɓi sonka, muka san yadda sunan mutum kan zama sananne daga Maraɗi har Kumasi saboda katin gaisuwa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan daɗin jin sunanka a iska.

Sai dai adalci ya wajaba, domin zamanin bai kasance aljanna ba. Inda duk aka ba mutum ɗaya ikon buɗe ƙofa, za a sami mai miƙa masa na goro. Kamfanonin faifai sun riƙa ba masu gabatarwa kuɗi da kyaututtuka, har da rabo a haƙƙin waƙar da ba su rubuta ba. Majalisar dokoki ta binciki lamarin a 1959 da 1960, ta kuma yi dokar da ta wajabta bayyana duk kuɗin da aka karɓa don saka faifai. Alan Freed ya rasa aikinsa a 1959, ya amsa laifi a 1962, ya mutu a 1965 yana da shekara 43, ba shi da komai. Haka nan tashoshi da yawa sun fifita kwaikwayon da Turawa suka yi wa waƙoƙin baƙaƙe a kan na asalin, kamar yadda Pat Boone ya ci kasuwa da waƙoƙin Fats Domino da Little Richard. Kuma tun a 1965, lokacin da Bill Drake ya sake fasalin KHJ, an fara taƙaita jerin waƙoƙi da ɗaure bakin mai gabatarwa, ana kwafar salo ɗaya daga gari zuwa gari.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a lura da abu ɗaya. Cin hancin wancan zamani na ƙananan ƙofofi ne masu yawa, har ƙaramin kamfani mai ɗaki ɗaya yana iya samun shiga. Maganin da ya dace da mai gadin da ke karɓar na goro shi ne a sa masa ido, ko a canza shi. Abin da aka yi daga baya shi ne aka toshe ƙofofin, aka bar guda ɗaya can nesa, wadda sai mai babbar jaka ke iya isa gare ta.

Mutane da yawa sukan ce FM ce ta kashe tashoshin, kuma akwai gaskiya a ciki. Sautin FM ya fi tsabta, tsawa da injin mota ba sa dagula shi, yana kuma fita ta lasifika biyu. Da FCC ta hana tashoshin manyan birane maimaita shirin AM ɗinsu kacokan a FM, dokar da ta fara aiki a 1967, sai masu gida suka miƙa FM ga matasa masu saka dogayen waƙoƙi, irin su Tom Donahue a KMPX ta San Faransisko. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masu sauraren FM sun fi na AM yawa. KHJ ta koma kiɗan karkara a 1980, WABC ta daina kiɗa ranar 10 ga Mayu 1982 ta koma shirye-shiryen muhawara, WLS ta bi sahu a 1989. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

To amma ƙaura daga zango zuwa zango ba ta isa ta kashe kunnen gari ba, domin tashar FM ma tana iya zama ta gari, kuma da yawa sun kasance haka na tsawon shekaru. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar sadarwa ta 1996 ce ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, wadda kafin nan take 40, ta kuma yarda ya riƙe har takwas a babban birni ɗaya. Cikin ƴan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya mallaki tashoshi kimanin 1,200. Wanda ya ci bashi ya sayi tashoshi ɗari ba zai biya masu zaɓen faifai ɗari ba. Sai jerin waƙoƙi ya riƙa zuwa daga hedikwata, mai gabatarwa ɗaya ya naɗi muryarsa a kwamfuta don garuruwan da bai taɓa takawa ba, yana ambaton sunayen titunansu daga takarda. A 2017 FCC ta soke ma dokar da ta wajabta wa tasha ta ajiye babban ɗakin shirye-shiryenta a garin da take wa aiki ko kusa da shi. Eriya tana nan a bayan gari, sunan tasha yana nan, amma idan ka ƙwanƙwasa ƙofa babu kowa a ciki. Waɗannan duka shawarwari ne da mutane suka zauna suka yanke, ba ƙaddarar fasaha ba ce.

Wani zai ce yau ai mawaƙi ba ya buƙatar ƙofar kowa, tun da yana iya ɗora waƙarsa a YouTube daga ɗakinsa. Haka ne, kuma alheri ne. Sai dai ɗora waƙa daban, a ji ta daban. Mai zaɓe bai mutu ba, ya dai koma lissafin kwamfuta wanda ba shi da gari, ba ya zuwa jana'iza, ba a tare shi a kasuwa a yi masa ƙorafi. Aikinsa shi ne ya ba ka irin abin da ka riga ka so, don haka da wuya ya sa ka jure waƙar maƙwabci. Misali ma yana kusa da mu. Mdou Moctar, ɗan Nijar da yau ake lissafa shi cikin fitattun masu jitar rok, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Waƙoƙinsa sun yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har wani ƙaramin kamfani a Portland, garin Kingsmen ɗin nan, ya sa ɗaya daga ciki a wani kundi da ya fitar. Waƙa mai kyau ba ta rasa hanya, wannan abin farin ciki ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu ko ya dace hatimin da ke kai ɗan gida ga duniya ya zama sai an buga shi a wata nahiya.

Saboda haka darasin tsofaffin tashoshin AM bai tsaya ga dattawan Amurka ba. Garuruwanmu sun cika da tashoshin FM tun daga shekarun 1990, na ƴan kasuwa da na al'umma, kuma har yanzu a yawancinsu akwai mutum mai rai a ɗaki. Wannan dukiya ce da wasu suka riga suka yi asararta, kuma ba su gane ba sai da ta tafi. Ma'aunin tashar gari ba tsawon eriyarta ba ne. A tambaya: wa ya mallake ta, kuma tashoshi nawa yake riƙe da su? Wa ke zaɓen abin da ake sakawa, a ina yake kwana? Yaron unguwa da ya naɗi waƙarsa jiya, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da ya riƙo ambulan ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gari shi ya fi cancanta ya fara jin muryar ƴaƴansa. Duk garin da ya bari aka ɗauke masa kunne, wata rana zai wayi gari yana sauraren kowa ban da kansa.

Allah ya sa mu gane darajar abin da ke hannunmu tun yana hannunmu.